Zama 12 a wata cibiyar ba da shawara a Kano: abin da na samu bayan ritaya, da abin da ya rage a gyara

A ƙa'idar aikin gwamnati a Najeriya, ma'aikaci yakan ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Ni shekarun aikin ne suka riga cika, ina da shekara 59 a duniya. An yi mini walimar sallama, an yi jawabai, an yi addu'a, na koma gida da murna. Wata huɗu bayan haka barci ya ƙaurace wa idona. Nakan farka wajen ƙarfe biyu na dare in zauna a bakin gado har a kira assalatu, abinci ya daina yi mini daɗi, na daina fita majalisar ƙofar gida wadda na shekara fiye da ashirin ina zama a cikinta, kuma ƙaramar magana takan sa in yi faɗan da ban saba yi ba. Uwargidana ce ta fara cewa, "Alhaji, wannan shirun naka ya fara ba ni tsoro." Likitan da ke duba mini hawan jini ya auna sukarina da sauran abubuwan da ake aunawa a jini, bai ga abin da zai bayyana halin da nake ciki ba, sai ya ba ni shawarar in ga masu ilimin halayyar ɗan Adam a wata cibiya mai zaman kanta. Na yi mako uku ina juya maganar, domin a Kano da zarar an ambaci lafiyar ƙwaƙwalwa, asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ke faɗo wa mutane a rai, alhali tsakanin cikakkiyar lafiya da kwanciya a asibiti akwai fili mai faɗi wanda mafi yawanmu muke rayuwa a cikinsa.

Na yi zama 12 a wannan cibiya cikin wata huɗu, kuma abin da na gani ne zan bayyana a nan. Ba zan ambaci sunanta ba, saboda ina da ƙorafi a kan wasu ayyukanta, kuma akwai mutanen da na haɗu da su a can waɗanda sirrinsu amana ne a wuyana.

Gida ne na zama aka mayar da shi wurin aiki, a wani layi mara hayaniya, kuma allon da ke ƙofa ƙarami ne, wanda ba zai sa maƙwabta su san abin da ya kawo mutum ba. Wannan ya kwantar mini da hankali tun kafin in shiga. Akwai masu ba da shawara biyu, mace da namiji, sai likitan ƙwaƙwalwa da ke zuwa sau ɗaya a mako domin waɗanda ke bukatar magani, tunda masanin halayya ba ya rubuta magani. Ɗakin ganawa yana da kujeru biyu da ƙaramin tebur a gefe, babu babban teburin ofis da zai raba mai magana da mai sauraro. An tanadi buta da darduma, kuma ba a sa lokacin ganawa ya ci karo da na salla. Kowane zama minti 50 ne.

Malamar da ta karɓe ni ba ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba, kuma da na gan ta sai na ji kamar in juya. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce, "Baba, duk abin da za ka faɗa a ɗakin nan ba zai fita ba, sai fa idan na ga akwai haɗari ga ranka ko ran wani, kuma ko a lokacin ma kai zan fara gaya wa." Daga nan ta ɗauko takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, wadda ake amfani da ita a ƙasashe da yawa wajen auna ciwon damuwa. Tambayoyin duk a kan mako biyun da suka wuce suke: barci, cin abinci, gajiya, rashin sha'awar abin da aka saba so, jin cewa mutum ya gaza, wahalar tattara hankali wuri guda, har zuwa ta ƙarshe wadda ke tambaya ko mutum yakan ji gara ma ya mutu. Makin yana farawa daga 0 zuwa 27, kuma daga 10 zuwa sama ake ɗauka cewa damuwar ta kai wadda ya kamata a tashi tsaye a kanta. Nawa ya haura 10 da kaɗan. Tambayar ƙarshen ta yi mini ita kai tsaye, ba tare da kewaye-kewaye ko zare ido ba, kuma wannan natsuwar tata ce ta sa na ba ta amsa ta gaskiya. Sai dai takardar da Turanci take, ita ce ke fassara mini da baki. Ni na yi boko, amma na yi tunanin dattijon da bai yi ba, wanda dole ya dogara da fassarar da za ta iya canjawa daga baki zuwa baki. Cibiyar da ke tsakiyar Kano ya kamata a ce tana da rubutacciyar Hausar wannan takarda a hannu, da boko da ajami.

A zama na biyu ne aikin ya fara da gaske. Ta ba ni doguwar takarda ta ce in ja layi daga haihuwata zuwa yau, in sa alama a duk wurin da rayuwata ta juya. Na sa ranar da aka kai ni makarantar allo, da kaciya, da rasuwar mahaifiyata ina ɗan shekara tara, da tafiya makarantar kwana, da sauka, da kama aiki, da aure, da haihuwar ɗan fari, da aikin Hajji, da ritaya. Da na gama sai ta ajiye wata takarda kusa da tawa mai ɗauke da matakai takwas na rayuwa kamar yadda wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Erik Erikson ya tsara su, ta ce in duba inda suka dace da inda suka saɓa.

Na koma gida na yi karatu a kan wannan mutum, domin ban yarda in miƙa wuya ga tsarin da ban san mai shi ba. An haife shi a Frankfurt ta Jamus a 1902, bai taɓa sanin mahaifinsa na jini ba, mijin mahaifiyarsa ne, wani likitan yara, ya rene shi ya ba shi sunansa. Ya koyi aiki a Biyana, babban birnin Ostiriya, a hannun masaniyar halayyar yara Anna Freud, ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1933, kuma a can ne ya zaɓa wa kansa sunan Erikson. Ya zauna cikin wasu ƙabilun asali na Amurka yana nazarin yadda suke renon yara, sannan a 1950 ya fitar da littafin da ya shimfiɗa waɗannan matakai. Ya rasu a 1994. Mutumin da ya tashi bai san ubansa ba, ba abin mamaki ba ne ya zama wanda ya fi kowa yin magana a kan rikicin da matashi ke shiga wajen gane ko shi wane ne. Abin da ya ce a taƙaice shi ne kowane mataki na rayuwa yana zuwa da tasa jarrabawar, inda abubuwa biyu ke ja-in-ja a cikin mutum. Jariri yana koyon ko duniya abar yarda ce ko abar tsoro, gwargwadon yadda ake amsa kukansa. Yaron da aka yaye yana koyon yin abu da kansa, ko kuwa ya tashi da shakkar kansa. Ɗan makaranta yana koyon cewa shi ma zai iya, ko ya riƙa jin yana ƙasa da sa'o'insa. Wanda ya balaga yana neman sanin kansa, saurayi yana neman abokin zama ko ya faɗa kaɗaici, magidanci yana renon na baya ko ya tsaya cik, tsoho kuma yana waiwayen abin da ya wuce, ko dai ya karɓe shi da natsuwa ko nadama ta cinye shi. Bayan rasuwarsa matarsa Joan ta ƙara mataki na tara, na wanda ya yi tsufa ƙwarai har jiki ya fara ƙin biyayya.

Abin da ya ratsa ni shi ne, a wurinsa kalmar rikici ba ta nufin masifa, tana nufin mararraba, wurin da hanya ta rabu biyu kuma dole a zaɓi ɗaya. Da malamar ta bayyana mini wannan sai na tuna aya ta 54 ta Suratur Rum, inda Allah ya ce ya halicce mu daga rauni, sannan ya sanya ƙarfi bayan rauni, sannan ya sanya rauni da furfura bayan ƙarfi, da kuma aya ta 15 ta Suratul Ahƙaf, wadda ta keɓe shekara arba'in da addu'ar godiya da neman gyaran zuriya. Na karanta mata su, ta saurara, ta ce, "To Baba, ai kai ka riga ka san taswirar, sunayen garuruwan ne kawai suka bambanta." Ba ta taɓa nuna cewa addu'a da neman shawarar malamai abin rainawa ne ba, haka kuma ba ta ce raunin imani ne ya jawo mini rashin barci ba, wanda shi ne abin da wasu abokaina suka gaya mini da kyakkyawar niyya. Limamin masallacinmu ma da na ba shi labari tunatar da ni ya yi cewa shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu ana kiranta shekarar baƙin ciki a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta.

Inda muka yi doguwar muhawara da ita shi ne batun kunya. A tsarin Erikson, kunya ita ce mugun ɓangaren mataki na biyu, abin da yaro ke kwasa idan aka yawaita tsawata masa. A wurinmu kuwa kunya ado ce, da ita ake auna tarbiyya, kuma babu zagin da ya fi a ce da mutum mara kunya. Na gaya mata cewa idan wannan ilimi yana son ya raba 'ya'yanmu da kunya, to ni ba na ciki. Amsar da ta ba ni ta nuna mini cewa ta yi tunani a kan aikinta, ba haddar littafi kaɗai ta yi ba. Ta ce kalmar da aka fassara da kunya a can ta fi kusa da muzanta ko jin ƙasƙanci, wato yaron da aka yi wa dariya a gaban jama'a saboda fitsarin kwance har ya fara ganin kansa a matsayin abin ƙyama. Kunyar da muke yabo tana fitowa ne daga ganin girman wani, ita kuwa waccan tana fitowa ne daga rashin ganin girman kai. Na yarda da wannan rarrabewa, kuma a ganina ita kaɗai ta isa dalilin da zai sa Bahaushe ya nemi mai ba da shawara wanda ya tashi cikin harshensa.

Game da ni kaina, abin da muka gano a hankali shi ne ba albashin nake kewa ba, ko da yake jinkirin fitowar haƙƙoƙina na ritaya ya ƙara mini nauyi. Abin da na rasa shi ne ƙananan ma'aikatan da ke ƙwanƙwasa ƙofata da safe suna cewa, "Yallaɓai, a duba mini wannan takarda." Shekara da shekaru ina gyara wa matasa rubutu, ina nuna musu yadda ake bin fayil da yadda ake magana da na gaba, sai rana ɗaya aka wayi gari babu mai bukatar wannan daga gare ni. A harshen Erikson, an tsige ni daga matakin renon na baya an tura ni matakin waiwaye tun ban shirya ba, kuma da na waiwaya sai kurakurai kaɗai nake gani. Ta gaya mini cewa wani masani ɗan Kanada mai suna Elliott Jaques ne ya fito da maganar rikicin tsakiyar rayuwa a 1965, amma binciken da ya biyo baya ya nuna ba kowa ke shiga irinsa ba, kuma sau da yawa wani abu ne takamaimai ke tayar da shi, kamar rasa aiki ko mutuwar aure ko rashin lafiya ko rasuwar makusanci, ba adadin shekaru kawai ba.

Maganin da ta ɗora ni a kai ba na sha ba ne, kuma da farko na raina shi. Ta sa na sayi ƙaramin littafi ina rubuta tunanin da ke tashe ni da dare, sannan a zama na gaba mu bi shi ɗaya bayan ɗaya muna tambayar hujjar da ke goyon bayansa da wadda ke ƙaryata shi, dabarar da ta samo asali daga aikin likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck a Amurka a shekarun 1960. Ta kuma tsara mini mako: tafiyar ƙafa bayan sallar asuba, barin barcin rana, komawa majalisa sau uku a mako ko da ba na so, da nemo wani abu guda da zan koya wa wani. Dalilinta shi ne mai ciwon damuwa yakan jira sha'awa ta dawo kafin ya motsa, alhali motsin ne ke janyo sha'awar. Na fara zama da matasan unguwa biyar a zaurena ranar Asabar ina koya musu rubuta takardar neman aiki. A mako na shida na yi barci har kiran salla ya tashe ni.

Sai batun ɗana na fari, wanda shi ne mafi nauyi a duk abin da ya faru a cibiyar. Yana da shekara 31, ya gama jami'a a makare bayan yajin aikin wata takwas da malaman jami'o'i suka yi a 2022, ya yi hidimar ƙasa, bai samu tsayayyen aiki ba, bai yi aure ba, yana zaune a shagon ƙofar gida. Bisa al'adarmu ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama da shi mu yi hira ba, saƙo tsakaninmu ta hannun mahaifiyarsa ko ƙannensa yake bi. Malamar ta lura cewa sunansa kaɗai ne ban faɗa ba a cikin 'ya'yana, ta tambaye ni dalili, na bayyana mata kunyar ɗan fari, wadda ta sani sarai. Ta kawo mini maganar wani masanin halayya mai suna Jeffrey Arnett, wanda a shekarar 2000 ya ce a ƙasashe masu arziki an samu wani sabon mataki tsakanin shekara 18 da 25, inda matashi ya wuce yaro amma bai zama magidanci ba, yana gwada ayyuka da hanyoyin rayuwa kafin ya zauna. Na ce mata waɗancan suna jinkiri ne don suna da zaɓi, namu kuwa suna jinkiri ne don babu aikin yi, ga kuɗin haya, ga lefe, ga sadaki, kuma a garinmu namijin da bai ajiye iyali ba yaro ne ko da furfura ta fito masa. Ta amince da haka.

A nan ne ta yi kuskuren da nake ganin ya fito daga littafi kai tsaye. Ta ba ni shawarar in zaunar da shi in gaya masa da bakina cewa ina ƙaunarsa kuma ina alfahari da shi. Na ce mata idan na yi haka zai ɗauka likita ya gaya mini kwanana ya ƙare. Abin yabo shi ne ba ta nace ba. A zama na gaba ta dawo da wata dabara, ta ce in nemi ya riƙa tuƙa ni zuwa gona duk ranar Lahadi, domin maza biyu da ke kallon hanya sun fi maza biyu da ke kallon juna sauƙin magana. A tafiya ta uku, muna kan hanyar dawowa, ya ce, "Baba, duk lokacin da na shigo gida sai in ji kamar ni wani bashi ne da aka kasa biya." Ban iya ce masa komai ba sai da muka kusa gida, sannan na gaya masa cewa ni ma tun da na ajiye aiki haka nake ji. Daga baya ya yi zama huɗu da namijin da ke cibiyar, kuma ban tambaye shi abin da suka tattauna ba. Yanzu shi ke kula da lissafin gonar, shi ke kuma taya ni ajin Asabar.

Wannan duka alheri ne, amma akwai abubuwan da ba zan rufe ido a kansu ba. Kuɗin zama ɗaya ya kai abin da gidana ke kashewa a cefanen kwana biyar, kuma babu rangwame ga mai fansho ko ɗalibi ko wanda ya biya na zama da yawa a haɗe. Da ba don 'yata ta ɗauki rabin nauyin ba, da na tsaya a zama na huɗu, daidai lokacin da abin ya fara amfani. Sau biyu aka ɗage mini ganawa ba a sanar da ni ba sai da na iso ƙofa, kuma ga mutumin da fitowa daga ɗaki ma yaƙi ne a wurinsa, irin wannan zai iya sa ya fasa gaba ɗaya. Zama biyu da muka yi ta waya ba su yi armashi ba, saboda layin yana yankewa, kuma a gidan da ke cike da iyali babu lungun da mutum zai yi magana ba a ji shi ba, har sai da na koma cikin mota. Mafi muni shi ne saƙon tunatarwa da ma'aikaciyar karɓar baƙi ta turo mini ta WhatsApp ɗauke da cikakken sunan cibiyar da sunan sashen, a wayar da jikokina ke wasa da ita. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mai neman irin wannan kulawa haƙƙin a tsare masa sirrinsa, kuma tsare sirri yana farawa ne daga teburin karɓar baƙi. Na yi ƙorafi, sun ba ni haƙuri, sun sauya salon saƙon.

Babban ƙorafina ya wuce waɗannan. Tsarin cibiyar ya ginu ne a kan mutum ɗaya a ɗaki ɗaya, kamar dai kowa shi kaɗai yake rayuwa. Sai da na nema da kaina kafin aka gayyaci uwargidana, alhali ita ce ta fara ganin ciwon kuma ita ce ke kwana da shi. Wannan abin takaici ne a ƙasar da ta haifi Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda ake saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansu, ana yi musu magani suna cikin jama'a, aikin da ya ɗaga sunansa har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Tun shekara saba'in da suka wuce ya gane cewa a nan ba a warkar da mutum a bar danginsa a waje.

Ranar da uwargida ta zo ne na ga wani giɓin. Tana magana sai ya bayyana cewa ita ma tana kan tata mararrabar: jinin al'ada ya ɗauke mata, 'ya'yanta mata sun yi aure sun watse, mijin da ya saba fita da safe ya dawo ya tare a gida yana sa ido a kan tukunya. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a takardar matakai takwas. An daɗe ana yi wa tsarin Erikson wannan suka, kuma wata masaniyar halayya mai suna Carol Gilligan ta yi fice a 1982 da hujjar cewa irin waɗannan tsare-tsare an gina su ne a kan rayuwar maza. Rayuwar macen Bahaushiya tana da nata matakan: kai ta ɗakin miji tana ƙarama, goyon ciki a gidan iyaye, kwana arba'in na jego, zuwan kishiya, zawarci, aurar da 'ya, takaba ta wata huɗu da kwana goma. Kowannensu yana iya girgiza mutum, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mace ɗaya cikin goma na fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, mafi yawa ciwon damuwa. Malamar ta san wannan a matsayinta na mace, ta kuma yi wa uwargida magana mai ma'ana, amma cibiyar ba ta da wani shiri da aka tsara domin masu jego ko zawarawa ko tsofaffin mata.

Duk da haka, ina ba wanda ke cikin irin halin da na shiga shawarar ya nemi irin wannan wuri idan yana da hali, ya tambayi takardun shaidar karatun mai ba da shawarar tun a zaman farko, ya tambayi adadin zaman da ake sa ran yi, ya kuma tabbatar akwai likitan da za a tura shi wurinsa idan magana kaɗai ba ta wadatar ba. Wanda kuwa yake jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ya daina ci da sha gaba ɗaya, ko yake tunanin halaka kansa, asibiti ya kamata a kai shi a ranar, kamar sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da na Maiduguri. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga jama'ar da ta haura miliyan 200, don haka ƙananan cibiyoyi irin wannan suna rage wa asibitocin kaya mai yawa.

A zama na 12 an sake yi mini tambayoyin nan tara, makina ya sauko ƙasa da 5, aka ba ni ranar dawowa bayan wata uku. Kafin in tashi na kawo wa malamar maganar yayata, wadda ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Mijinta ya rasu bara, ta fita takaba, amma har yanzu ba ta fita daga ɗaki ba, ta rame, takan ce ita jiran lokaci kawai take yi. Na roƙe ta ta biyo ni cibiyar, ta ce, "Ni da tsufana zan je in zauna gaban yarinya in kwance mata cikina? Allah ya kiyaye." Na gaya wa malamar abin da na karanta game da birnin Harare na Zimbabuwe, inda wani likita mai suna Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa da harshensu, kuma gwajin da aka yi ya nuna abin yana aiki. Na ce a kowace unguwa ta Kano akwai unguwarzoma ko malamar Islamiyya ko wata dattijuwa da mata ke kai wa kuka, kuma da cibiyar za ta horar da ko da biyar daga cikinsu, ko ta yarda ma'aikatanta su riƙa zuwa gida, da irin su Yaya sun samu mai saurarensu. Ta rubuta maganar a littafinta, ta ce za ta gabatar wa shugabanninta. A halin yanzu ni nake zuwa wurin Yaya duk ranar Talata da Juma'a bayan la'asar, in shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta in tambaye ta labarin mahaifiyarmu, kuma a makon jiya ta yarda ta fito tsakar gida muka yi hirar a gindin darbejiya.